Ƙaunar Uba Da Lambun Gandu

  Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya samo asali ne daga wata takarda da wani mai karanta wannan fili ya aiko mana. Ba za mu ambaci sunansa ko na garinsu ba, domin magana ce ta cikin gida.

Ya ce mahaifinsu ya rasu da kaka, ya bar 'ya'ya maza huɗu da mata uku, da gonakin tudu biyu, da lambu guda a bakin fadama wanda duk gidan suka tashi suna aiki a cikinsa. Ya ce babu yaron da ya iya tafiya a gidan face tsohon ya ɗauke shi zuwa lambun nan, ya nuna masa yadda a ke buɗe wa fangali ruwa da yadda a ke toshewa. Kuma duk sa'ad da aka yi masa haihuwa ya kan dasa mangwaro ko gwaiba a bakin shinge don tunawa da ranar. To, ba a cika kwana arba'in da rasuwarsa ba sai babban wansu ya ce ai gefen da rijiya ta ke tsohon ya ba shi tun da ransa. Sauran suka ce ba su taɓa jin haka ba. Matan kuwa aka ce musu mace ba ta gadon fadama. Yanzu ga shi lokacin dashen albasa ya wuce, fangali sun bushe, awaki sun karya shinge, 'yan'uwa ba su ga maciji da juna. Sai ya rufe da tambaya: "Malam, ina kuskuren ya ke, kuma mene ne hukunci?"

Mun ga ya kamata mu amsa a fili, domin irin wannan magana ta cika zaurukan dagatai da kotunan alƙalai. Sau da yawa kuwa uban da aka yi rigimar a bayansa mutumin kirki ne mai son 'ya'yansa. Abin da ya rage masa kawai shi ne bai ɗaure ƙaunar da adalci da bayyana magana ba tun yana da rai.

Gandu da gayauna

Ga waɗanda suka tashi a birni, gandu shi ne gonar gida wadda uba da 'ya'yansa, har da waɗanda suka yi aure, su ke nomawa tare a ƙarƙashin maigida. A kan fita tun da safe a yi aikin gandu zuwa azahar, sa'an nan da yamma ko a ranar hutu kowa ya nufi gayaunarsa, watau ɗan yankin da aka yanka masa ya noma don aljihunsa. Abin da gandu ya bayar rumbu ɗaya ya ke shiga, kuma daga nan maigida ya ke ciyar da gida, ya yi wa saurayi auren fari, ya sayi ragon suna, ya ɗinka kayan salla. A zamanin da a ke karɓar haraji shi ke biya wa kowa, kafin gwamnatocin Kano da Kaduna su soke shi a 1979. Idan damina ta wuce aka kai amfani gida, sai mai fadama ya koma lambu: albasa da tumatir da tattasai da alayyafo da yalo, yara suna jan jigo, manya suna dashe.

A dā ƙasa tana da yalwa, fadama kuwa har aronta a kan bayar. Amma bayan farin 1973 hankalin hukuma da na talakawa ya koma kan noman rani. Aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda ta shayar da gonakin Kadawa da Kura, aka gama ta Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, daga baya kuma injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo a mafi yawan wurare. Jama'a ta ƙaru, gona ba ta ƙaru ba. Saboda haka lambun da kakanni suka ɗauka wurin samun kayan miya ya zama dukiya mai tsoka, abin da ya zama dukiya kuwa Shaiɗan ba ya nisa da shi.

Addini bai raina wannan sana'a ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi wa Musulmi bushara da ladan sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashensa ko shukarsa. Ciyar da iyali kuma shi kansa sadaka ne ga wanda ya yi niyya. Ashe uban da ya riƙe hannun ɗansa ya kai shi lambu ya haɗa lada uku: na shuka, da na ciyarwa, da na tarbiyya. Sai dai lambu yana iya zama sanadin rahama ga gida, yana kuma iya zama sanadin tsiya. Bari mu duba labarin waɗansu iyaye da lambunansu.

Uban da ya ke ba miskinai

A cikin Suratul Ƙalam Allah Ya ba mu labarin masu wani lambu. Malaman tafsiri, cikinsu har da Ibnu Kasir, sun kawo cewa a ƙasar Yaman aka yi su, a wani ƙauye kusa da San'a'a, kuma sun gaji lambun ne daga ubansu. Al'adar uban ita ce idan ya girbe sai ya mayar wa lambu abin da ya ke bukata, ya ajiye wa iyalinsa abincin shekara, ya yi sadaka da saura. Da ya rasu sai 'ya'yan suka ce tsohon ya yi wauta. Suka yi rantsuwa za su yi sammako su girbe kafin miskinai su farka, ba su ko ce in Allah Ya so ba. Cikin dare suna barci bala'i ya faɗa wa lambun. Da asuba suka tashi juna, suka tafi suna raɗa don kada wani ya ji, suka isa suka tarar da wuri baƙi ƙirin, har suka zaci ɓatan hanya suka yi. Sa'an nan mafi hankalinsu ya tuna musu gargaɗin da ya yi musu, suka shiga zargin juna, daga ƙarshe suka tuba.

Waɗannan sun gaji ƙasa da itatuwa, amma ba su gaji halin da ke riƙe da ƙasar ba. Irinsu Hausawa ke ce wa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Darasi ga uba shi ne kada ya yi alheri a ɓoye wa 'ya'yansa har su ɗauka asara ce. Idan za ka aika wa makwabciya gwauruwa da kwandon tumatir, ɗora wa ɗanka a kai ya kai da ƙafarsa, ya ji addu'ar da za a yi masa da kunnensa. Yaron da ya saba da haka ba zai iske nauyin fitar da haƙƙin wani ba ranar da mabuɗin rumbu ya shiga hannunsa.

Uban da ya bar bashi da 'ya'ya mata

Na biyu shi ne Abdullahi ɗan Amru ɗan Haram, mahaifin Jabir. Bukhari ya ruwaito cewa a daren da za a fita yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, watau 625 Miladiyya, ya kira Jabir ya shaida masa yana jin yana cikin waɗanda za a fara kashewa, kuma in ban da Manzon Allah ba zai bar wani a bayansa da ya fi Jabir daraja a zuciyarsa ba. Sa'an nan ya gaya masa akwai bashi a kansa, ya biya, ya kuma kyautata wa 'yan'uwansa mata. Da gari ya waye haka aka yi, ya yi shahada. Ya bar 'ya'ya mata, wata ruwaya ta ce bakwai wata ta ce tara, da gonar dabino wadda amfaninta bai kai bashin ba.

Da lokacin girbi ya zo masu bashi suka matsa. Jabir ya kai kuka ga Annabi, ya umurce shi ya tara kowane irin dabino dabam, ya zo ya kewaya tsibin da ya fi girma, ya zauna, aka yi ta awo har aka biya kowa, dabino kuwa ya rage. Kuma da Jabir ya tashi aure sai ya zaɓi bazawara, domin ya sami wadda za ta iya kula da ƙannensa.

Ku duba ƙaunar wannan uba. Ya gaya wa ɗansa da bakinsa yana son sa, abin da yawancin iyayenmu su ke jin kunyar yi. Bai ɓoye masa bashi ba. Bai kuma mance da 'ya'yansa mata ba a daren da ya ke shirin mutuwa. Mu kuwa nawa ne cikinmu suka jinginar da wani yanki na fadama suka yi shiru, sai bayan jana'iza mai jingina ya bayyana?

Uban da ya fifita ɗa guda

Na uku shi ne Bashir ɗan Sa'ad. Ya yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta yana yaro. Yawancin ruwayoyi sun ce bawa ne, wata ta ce lambu ne. Mahaifiyar yaron, Amra 'yar Rawaha, ta ce ba ta yarda ba sai Manzon Allah ya shaida. Da Bashir ya je, sai Annabi ya tambaye shi ko ya yi wa dukan 'ya'yansa irin wannan kyauta. Ya ce a'a. Annabi ya ƙi shaida, ya umurce shi da tsoron Allah da daidaita tsakanin 'ya'yansa, ya kuma tambaye shi ko ba ya son su zama daidai wajen yi masa biyayya. Bashir ya koma ya janye kyautar.

Malamai sun saɓa kan ƙarfin wannan hani. Imamu Ahmad ya ga fifita wani ɗa ba da dalili ba haramun ne. Mafi yawan malamai sun ce makaruhi ne, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya an karhanta wa mutum ya ba ɗa guda dukan dukiyarsa, an halatta masa ya ba shi wani sashe. Amma duk wanda ya zauna a gidan mata biyu ko uku ya san abin da fangali guda da aka ba ɗan mowa ya ke haifarwa a zuciyar ɗan bora. Zuciya ba ta hannun mutum, yana iya jin wani ɗa ya fi kwanta masa a rai. Abin da ke hannunsa shi ne igiyar awo.

Abubakar da Nana A'isha

Na huɗu shi ne wanda ya fi kusa da tambayar mai takarda. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya ba 'yarsa Nana A'isha kyautar dabinon da za a girbe wusiƙi 20 daga gonarsa ta Gaba, a bayan Madina. Ba ta girbe ba har ciwon ajali ya kama shi a shekara ta 13 bayan Hijira. Sai ya kira ta, ya fara da gaya mata babu wanda ya fi so ya ga ya wadata a bayansa kamar ita, babu kuma wanda talaucinsa zai fi yi masa ciwo. Sa'an nan ya ce da ta girbe ta karɓa da ya zama nata, amma yanzu ya zama dukiyar magada, a raba tsakaninta da 'yan'uwanta maza biyu da mata biyu bisa Littafin Allah. Ta ce ita Asma'u kaɗai ta sani, wace ce ɗayar? Ya ce cikin da matarsa 'yar Kharija ke ɗauke da shi, yana zaton mace ce. Aka kuwa haifi Ummu Kulsum.

Ga uba yana kan shimfiɗar mutuwa, ga 'yar da ya fi so a gabansa, amma bai bar ƙaunarta ta ci haƙƙin jaririyar da ba a haifa ba tukuna.

Hukuncin tambaya

Daga nan malamanmu suka ɗauko cewa kyauta ba ta cika sai an karɓe ta tun mai bayarwa yana da lafiya. Saboda haka babban wa shi ke da nauyin kawo shaidu cewa an ba shi, kuma ya karɓa ya riƙe. Idan tsohon ya ci gaba da nomawa da cin amfanin wurin a matsayin gandu har ya rasu, to wurin gado ne. Idan kuma a cikin ciwon ajali ya faɗa, hukuncinta na wasiyya ne, wasiyya kuwa ba ta halatta ga magaji sai sauran magada sun amince. Gayauna ma haka ta ke: amfanin da ɗa ya shuka da hannunsa nasa ne, amma ƙasar tana cikin gado, sai fa in an tabbatar kyauta ce aka yi masa ba aro ba. Ƙaramin yaro ne kawai ubansa ke iya riƙe masa kyauta, in ya kafa shaidu.

Maganar cewa mace ba ta gadon fadama kuwa, al'ada ce da ta saɓa wa Suratun Nisa'i. Bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, matar mamaci mai 'ya'ya tana da ɗaya bisa takwas, idan mata ne da yawa su raba shi tsakaninsu. Idan iyayensa suna raye su ma a fitar musu da nasu. Abin da ya rage namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A gidan mai takarda, maza huɗu da mata uku, kashi 11 za a yi, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya, kuma wannan ya shafi gonar tudu da lambu da itatuwa duka. Wanda ya danne ya tuna hadisi ya tabbata cewa mai cin ƙasar wani da zalunci, ko da taƙi guda ne, za a rataya masa ita a wuya ranar Ƙiyama.

Amma fa sanin rabo bai wajabta yanka lambu gunduwa-gunduwa ba. Lambun da ya ciyar da gida guda, in aka raba shi 11, ba zai riƙe kowa ba. Shari'a ta yarda magada su san rabonsu su rubuta, sa'an nan su ci gaba da tarayya. Wanda ke aiki a ware masa ladan aikinsa, ragowar a raba bisa kashi, a aika wa matan da nasu har ɗakin mazansu. Babban wa da ya yi shekara 20 yana ban-ruwa alhali ƙannensa suna makaranta ko birni, ya kamata a dube shi da idon rahama, domin sau da yawa jin an mance da wahalarsa ke sa shi ƙirƙiro da'awa. Idan wani ya matsu zai sayar da rabonsa ga baƙo tun ba a raba ba, abokan tarayya suna da haƙƙin shufu'a, watau su biya kuɗin da aka saya su karɓe.

Idan kuwa rabuwa ta zama tilas, wanda rijiya ta faɗa a rabonsa kada ya hana 'yan'uwansa ruwa. A Muwaɗɗa an kawo cewa Lahhaku ɗan Khalifa ya so ya jawo ruwa zuwa gonarsa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Sayyidina Umar ya lallashe shi, ya nuna masa shi ma zai amfana kuma ba zai cutu ba. Da ya dage sai Umar ya tilasta aka wuce da ruwan. In an yi wa makwabci haka, ina ga wanda kuka sha nono ɗaya ko kuka fito tsatso ɗaya? Wannan bayani ne na gaba ɗaya. Yanke hukunci a kan gida ayyananne sai alƙali ko malamin da ya ji ta bakin kowa.

Kada kuma a mance da haƙƙin Allah. Gero da dawa da shinkafa da alkama da wake, idan sun kai wusiƙi 5, watau sa'i 300, a kan fitar da ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, da rabin haka ga abin da aka shayar da jigo ko inji. Kayan lambu irin su albasa da tumatir ba su da zakka a mazhabar Malik, ko da ya ke Abu Hanifa ya wajabta. Amma kuɗin da aka samu daga sayar da su, in ya kai nisabi ya shekara, akwai zakka a kansa. Rashin wajabci kuwa bai rufe ƙofar sadaka ba, kuma mun ji abin da ya sami masu lambun Yaman.

Nasiha ga iyaye

Ya kai maigida, tun kana da ƙarfin tafiya lambu, tara 'ya'yanka maza da mata a ƙarƙashin itacen da ka dasa, ka kira liman da mai unguwa, ka nuna iyakoki, ka faɗi abin da ke gandu da abin da ke aro da abin da ka bayar kyauta, da bashin da a ke binka da wanda ka ke bi, a rubuta. Faɗin haka ba ya jawo ajali kusa. Idan kana so ka saka wa ɗan da ya tsaya tare da kai, yi a gaban 'yan'uwansa ka gaya musu dalili, ka kuma cire hannunka daga abin da ka bayar. Kada ka yi wa gandu riƙon da saurayi zai ga shi bawa ne a gonar ubansa. Yanka masa gayauna, ka bar shi ya kai albasarsa kasuwa ya riƙe kuɗinsa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma wanda ya matsa ƙwarai karya shi ya ke yi.

Ku kuma 'ya'ya, ku sani biyayya ga uba ba ta ƙarewa da rufe kabarinsa. Addu'ar ɗa nagari tana isa gare shi, haka kuma ladan kowane mangwaro da yaro ko tsuntsu ya sha daga dashensa. Duk ranin da kuka bar lambun nan a bushe saboda gaba, kun yanke masa sadakar da ya ke samu a kabari. Shawararmu ga mai takarda ita ce shi ya fara zuwa ya yi wa wansa sallama, su gyara shinge tare kafin su je gaban kowa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah Ya ji ƙan iyayenmu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa albarka a gonakinmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin marayu da mata.